Na Sake Shi

Ranar Asabar ta biyu a watan Rajab na bana, bayan sallar La'asar, ina zaune a falon gidanmu da ke unguwar Zahir a Makka ina duba wata fassara, sai wayata ta yi ƙara. Sunan Bandar ne a kanta, abokin ɗana tun suna yara. Da Larabci ya yi magana, kuma gajeriya ce: "Ammi, Zuhair ɗah." Wato, "Baffa, Zuhairu ya faɗi." Na tambaye shi daga ina, ya ce daga bakin ramin da suka je ɗaukar hotonsa. Na tambaye shi ko yana numfashi, ba abin da nake ji sai iska tana bugun wayar. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na rufe alƙalami, na shiga ciki na gaya wa mahaifiyarsa. A tsaye na gaya mata, domin na san idan na zauna ba lallai in iya tashi ba.

Washegari da hantsi ma'aikatan ceto suka fito da shi. Na karɓe shi a wani asibiti a Ɗa'ifa, na sa hannu a takardun da aka miƙo mini, waɗanda suka ce hatsari ne. Ranar Litinin aka yi masa salla a Harami bayan Azahar, a sahu ɗaya da wasu mamatan da ban san su ba, aka binne shi a kabarin da ba a rubuta suna a kansa ba, kamar yadda ake yi wa kowa a garin nan. Ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya.

Shi ne ɗan farina. Bisa al'adar da na tashi da ita a Kano, ban saba kiran sunansa ba. "Malam" nake ce masa idan ina son zolaya, a gaban mutane kuwa "yaron nan". Yau ga shi na rubuta sunan, kuma zan ci gaba da rubutawa, domin shi mutum ne da bai yarda a bar kowa babu suna ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda 'yan'uwa na gida da ba su sami zuwa ba, da maƙwabta na nan, musamman waɗanda wata magana ta riga ta kai kunnensu a karkace. Zan faɗi wane ne ɗana, in faɗi abin da na sani game da rasuwarsa, sannan in nuna daidai inda sanina ya tsaya.

A unguwar Jarwal, nan Makka, aka haife shi, a wani tsohon gida da ya jingina da dutse. Yanzu otal ne a wurin. Tun yana firamare aljihunsa ba ya rabuwa da tsakuwa, har mahaifiyarsa ta gaji da faɗa a kan injin wankinta. Idan ta zubar, sai ya bi kwandon shara ya tsince, ya jera su a bakin taga, baƙaƙe gefe guda, masu ƙyalli gefe guda. Ranar da manyan injina suka fara cin dutsen da ke bayan gidanmu, ya daɗe a soro yana kallo. Da ya sauko ya ce mini, "Baba, idan suka gama cinye shi, wa zai shaida cewa akwai dutse a nan?" Na ce Allah ne shaida. Ya ce, "Na'am. To mu fa?" Ina ganin duk abin da ya yi da rayuwarsa daga baya neman amsar wannan tambaya ne.

Ya karanta ilimin duwatsu a Jidda, ya sami aiki da wani kamfani mai gwada ƙarfin ƙasa kafin a ɗora gini. Aikin ya riƙe shi da gaskiya, amma zuciyarsa tana wani wurin. A shekararsa ta ƙarshe a jami'a ya ci karo da wasu tsofaffin hotuna a ɗakin ajiyar littattafai. Masu binciken ƙasa na farko ne suka ɗauke su, mutanen da suka ratsa duwatsun Hijaz suna neman ruwa da ma'adinai tun kafin a shimfiɗa titi. Kyamararsu akwatin katako ce a kan ƙafa uku, mai ɗauka yana lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, hoton kuma a jikin gilashi yake fita, a naɗe gilasan cikin tsumma a ɗora wa raƙumi. Babu launi a cikinsu sai fari da baƙi da ruwan toka. Akwai tsaunuka masu kaifi kamar haƙoran zarto, akwai filayen baƙin dutse da wuta ta amayar tun zamanin da ba wanda ya sani, akwai kwazazzabai, akwai tafkunan da ruwan sama ke tarawa ya tafi ya bari.

Abin da Zuhairu ya ɗora wa kansa shi ne ya je kowane wuri, ya nemo daidai inda waccan kyamara ta kafa ƙafafunta, ya kafa tasa, ya ɗauki hoton kamar yadda aka ɗauke shi da farko. Da an jera tsoho da sabo, sai a ga abin da ya motsa: dutsen da ya gangaro, kwarin da ya sauya hanya, tsaunin da aka rushe, tafkin da ya janye. "Sake hoto" yake kiran aikin, kuma da wannan suna kowa ya san shi a gidanmu.

Sau ɗaya na bi shi, kuma a ranar na san irin haƙurinsa. Mun sami wurin tun da hantsi, ya kafa kyamara, ya daidaita komai, sannan ya zauna. Azahar ta yi, muka yi salla a kan tsandauri, ya koma ya zauna. Na ce, "Malam, dutsen nan fa ba gudu zai yi ba. Ka ɗauka mu kama hanya, ƙafafuna sun sage." Ya miƙo mini tsohon hoton ya nuna inda inuwar tsaunin ta taɓa wani ƙaramin dutse. Ya ce, "Baba, ba ni ke da lokacin ba, inuwa ce." Sai da inuwar ta rarrafo ta taɓa wannan dutse ya danna. A hanyar dawowa ya saya mini shayi yana dariya, wai ladan zaman da na yi.

A kusan kowane tsohon hoto akwai mutum guda a tsaye, hannuwansa a miƙe a gefensa, yana fuskantar kyamara. Ba don a tuna da shi aka tsayar da shi ba. Dutse a hoto ba shi da girma sai an ajiye wani abu da ido ya sani a kusa da shi, to shi ne wannan abin. A ƙasan hoton ana rubuta sunan tsauni, da nahiyar da aka fuskanta, da irin dutsen. Game da mutumin kuwa kalma biyu ce kawai: don ma'auni. Zuhairu ya lura cewa mutum ɗaya ne ke dawowa a hotuna da yawa, dogo, baƙi, da rawani. Ya sha faɗaɗa fuskar a kwamfuta har ta watse ta zama ɗige-ɗige. "Baba, ka dubi tsayuwarsa," in ji shi, "wallahi wannan ɗan gidanmu ne. Cikin waɗanda suka taho a ƙafa ta Sudan ne." Na ce tsayuwa ba hujja ba ce. Ya ce, "Na yarda. Amma ko daga ina yake, shi ma wata ce ta haife shi, aka raɗa masa suna." Daga nan ya kafa wa kansa doka: duk wanda ya tsaya masa a hoto, sai ya rubuta sunansa da na mahaifinsa a ƙasa. Ya taɓa bin wani makiyayi da mota har rugarsa, domin ya manta bai tambayi sunan ubansa ba.

Wanda ya fi kowa tsaya masa shi ne Bandar. Dole in gabatar da shi ga mutanen gida. Kakanninsa Hausawa ne da suka zo ta Sudan, mahaifiyarsa tana sayar da masa da tuwo a unguwar Mansur, kuma aji ɗaya suka yi da Zuhairu tun daga firamare. A gidanmu ya ci, a gidanmu ya kwana, na tsawata masa kamar yadda na tsawata wa nawa. Larabci ne harshensa. Hausarsa ta ɗakin girkin uwarsa ce, yana ji yana mayarwa, amma bai iya karanta ta ba, kuma bai taɓa rarrabe inda ake jan wasali da inda ake datse shi ba. Yana ƙarami ya shigo wata rana ya ce Ummansa ta aike shi ya sayo gari, ya datse kalmar, ta fito da ma'anar birni. Mahaifiyar Zuhairu ta ce, "To, sannu attajiri. Makka za ka saya ko Madina?" Tun daga ranar sunansa a gidanmu Mai Sayen Gari. Saboda tsoron gyarana, da ya girma sai ya daina yi mini Hausa gaba ɗaya, ya koma Larabci.

Dogo ne, kuma Zuhairu ya auna tsawonsa ya haddace. "Ma'aunina" yake ce masa. Shi kuma ya ce, "Ya shaihu, ni fa ba gudumar da kake ajiyewa don ma'auni ba ce. Idan na tsaya a ranar nan, gasasshen naman nan na mandi a kanka yake." Haka suke, ɗaya a bayan kyamara, ɗaya a gabanta, shekara da shekaru.

Hoto ɗaya ne ya daɗe yana gagarar su. Can bayan Ɗa'ifa akwai wani ƙaton rami da dutse mai aman wuta ya bari, zagayayye kamar ƙwarya, mai zurfin da mutum ke jin jiri idan ya leƙa. A tsohon hoton, gindin ramin tafki ne, da farin abu kamar kanwa ya kewaye bakinsa. A sama kuma, a kan wani harshen dutse da ya miƙo ya rataya bisa ramin, ga mai rawanin nan a tsaye. Mafi yawan shekaru tafkin a bushe yake, fari fat. Zuhairu ya ƙi ɗauka sai da ruwa. Bana aka yi ruwan sama, labari ya zo masa cewa tafkin ya dawo.

Da safiyar da za su tafi, mahaifiyarsa ta tare shi a ƙofa da ledar abinci. Ta ce, "Ka ɗauki igiya?" Ya ce, "Umma, igiya tana mota, Bandar yana mota, me kuma ya rage?" Ta ce, "Hankali." Ya sumbaci goshinta ya ce wannan ma yana mota. Ta yi tambayar ne domin ta san dokarsa ta biyu: ba wanda zai tsaya masa a bakin rami sai an ɗaura masa igiya a ƙugu. Na san ya taɓa dawowa daga tafiyar yini guda babu hoto ko ɗaya, saboda sun manta igiyar a gida. Ni ina cikin falo a lokacin. Ya leƙo ya ce, "Baba, sai mun dawo." Na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ɗaga kai daga takarda ba.

Yanzu na zo ga maganar da ta sa wasu suke kirana a waya suna rage murya.

A rana ta uku ta zaman makoki, tsakanin Magariba da Isha'i, muna zaune a kan kujerun da aka jera a ƙofar gida. Duk kwanakin nan Bandar ne ke zagayawa da butar gahawa, bai zauna ba, bai kuma haɗa ido da ni ba. Da jama'a suka ragu, ya ajiye butar, ya zo ya durƙusa a gabana ya kama hannuna. Da Hausa ya yi magana, shi da ya yi shekaru bai yi mini ita ba. Ya ce, "Baba, na sake shi." Muryarsa ta karye a tsakiyar kalmar. Na ce, "Allah ya ba mu haƙuri." Ya tashi ya ɗauki butarsa.

Na yi karatun harshe a jami'a, na koyar da shi, sannan na shafe mafi yawan rayuwata a garin nan ina tafinta tsakanin alhazai da likitoci da ma'aikatan hukuma. Da kunne nake cin abinci. Duk mai jin Hausa ya san kalmomi biyu ne suke kwana a cikin wannan rubutu ɗaya. Idan aka ja "sa" ɗin, an maimaita abu ne, kamar yadda ɗana yake sake hoto. Idan aka datse shi, an saki abin da ke hannu ne. A Larabci ba za a taɓa rikicewa ba, domin aikatau biyun ba su yi kama ba, kuma hoto a Larabci mace ce. A Hausa kuwa hoto namiji ne, kamar ɗana. "Shi" ɗin nan ya dace da su duka biyun.

Alhaji Ɗahiru, maƙwabcina mutumin Damagaram, yana kujerar da ke kusa da ni. Ya bari Bandar ya yi nisa sannan ya matso.

"Malam, ka ji abin da na ji?"

"Me ka ji, Alhaji?"

"Cewa ya yi ya sake shi. Ya riƙe shi ya saki ke nan."

"Ko kuma hoton ya sake."

"To wanne ne? Kai ne malamin harshe, ni ɗan kasuwa ne."

Na ce ban sani ba. Ya dube ni kamar yana zaton rufa wa yaron asiri nake yi. Gaskiya na gaya masa. Wanda ya yi maganar shi ne Mai Sayen Gari, kuma kuka ya tsinke wasalin daidai inda bambancin yake. Na maimaita sautin a kaina har ya lalace, yanzu ban san ko abin da na ji nake tunawa ko abin da nake tsoro ba.

An dawo mana da kyamarar cikin kayansa, lafiyarta ƙalau. Ƙanwarsa Ruƙayya ce ta buɗe mini ita a kwamfuta. Hotuna biyu na ƙarshe na tafkin ne, daga wuri ɗaya, babu abin da aka motsa. A na farko, wanda ke tsaye a kan harshen dutsen Zuhairu ne, ba Bandar ba. Babu igiya a ƙugunsa. Ya ɗaga hannu ɗaya kamar mai cewa a dakata, kuma inuwar bakin ramin da saura kaɗan ta kai inda take a tsohon hoton. A na biyu inuwar ta kai. Ruwan tafkin, farar kanwar, layin tsaunukan da ke can nesa, komai ya zauna daidai da na mutanen farko. Ban taɓa ganin aikinsa ya yi kyau haka ba. Sai dai babu kowa a kan harshen dutsen, kuma bakinsa ya gutsure.

Ke nan an sake hoton, wannan ba shakka. Mai yiwuwa abin da yaron yake nufi ke nan: na farko bai yi ba, sai ya ce wa Zuhairu ya tsaya a ƙara, a cikin wannan tsayuwar dutsen ya ci amanarsa. Idan haka ne, nauyin da ke kansa nauyin kalma ɗaya ne, "dakata", kuma ba ni da abin da zan riƙe shi da shi.

Amma akwai abubuwan da suka ƙi kwanciya. Me ya sa suka yi musanyar wuri a wannan rana, bayan shekarun da kowa ya san matsayinsa? Me ya sa mai dokar igiya ya taka wurin da ya fi ko'ina haɗari babu igiya, alhali an same ta a naɗe cikin mota? Wane yatsa ne yake danna kyamara a kan wurin da abokinsa ya ɓace daga gare shi? Sannan a ranar farko ta makoki, da Bandar ya miƙo mini finjalin gahawa, hannun rigarsa ya zame, na ga ƙujewa a wuyan hannunsa na dama, layi-layi, irin wadda farce ke bari. Ɗana ne ya koya mini yadda ake auna nisa da tsawon mutum a hoto. Na yi amfani da tsawonsa shi kansa, na auna tsakanin kyamarar da harshen dutsen. Nisa ne da saurayi zai iya ci da gudu idan wani yana rataye yana kiransa. Ga hukuma kuwa, abin da Bandar ya faɗa shi ne yana wurin kyamara lokacin da abin ya faru. Bai ambaci riƙo ba.

Ko da sakin ne, saki iri-iri ne. Akwai hannun da gumi ya sa ya sulluɓe. Akwai wanda nauyi ya fara ja zuwa rami, ya buɗe yatsunsa don ya tsira, kuma ban san malamin da zai ce wajibi ne ya bi shi su mutu tare ba. Akwai kuma yiwuwar Zuhairu ne da kansa ya ce a sake shi, kuma wanda ya san ɗana ya san zai iya. Akwai wani iri na ƙarshe da ba zan rubuta ba. Ba ni da dalilinsa ko ɗaya, sai dai mahaifiyar Zuhairu ta taɓa ambata cewa bara shi da Bandar sun yi 'yan makonni ba sa magana, ba ta san a kan me ba. A lokacin ban ɗauke shi komai ba. Yanzu komai ya zama abin dubawa: yadda Bandar yake zama, abin da ya ci, abin da ya bari a faranti. Na san abin da addini ya ce game da zato, na koyar da shi ga wasu. Sanin bai hana ni kallon hannuwansa ba.

Abin da ya fi damuna ma ba hoton ba ne. Me ya sa ya zaɓi Hausa? Wata rana nakan ce harshen uwarsa ne, kuma mutum idan ya karye, da harshen uwarsa yake kuka. Wata rana kuma nakan ce ya san ni, ya san kansa, ya san cewa a bakinsa kalmar za ta fito da fuska biyu, don haka ya sauke kayansa a gabana ba tare da ya buɗe su ba. Ban san yaron da irin wannan wayo ba. Amma ban san shi da yin shiru ba ma, ga shi yana yi.

Duk Juma'a Bandar yana zuwa bayan an sauko daga masallaci. Ya gyara na'urar sanyaya ɗaki, ya kai mahaifiyar Zuhairu asibiti ranar da ƙafarta ta kumbura, ya sabunta wa Ruƙayya wata takarda da ni na manta da ita. Uwar kuwa a farantin ɗanta take zuba masa abinci, ta zauna tana kallonsa yana ci. Maganar ta kai kunnenta, ban san ta bakin wa ba. Ba ta yi kuka ba. Ta same ni a falo ta ce, "Malam, na ji abin da ake cewa. Allah ya karɓi ɗaya. Kada kai kuma ka karɓe mini na biyun." Na ce idan kuma gaskiya ce fa? Ta ce, "Gaskiyar za ta dawo mini da wanne?"

Juma'ar da ta wuce na raka shi har mota, abin da ban saba ba. Na shirya jimlar tun da safe, da Larabci, gajeriya, babu zargi a cikinta. Na ce, "Ya Bandar." Ya ce, "Na'am, ya ammi." Ya juyo ya tsaya, hannuwansa a miƙe a gefensa, yana fuskantata, daidai yadda yake tsayawa a hotunan ɗana. Bai yi kama da mai shirin gudu ba. Ya yi kama da wanda aka ce ya tsaya kada ya motsa har sai an danna. Na tambaye shi jikin mahaifiyarsa. Ya ce, "Da sauƙi, Baba." Ya shiga mota ya tafi.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa da maƙwabta abu ɗaya. Duk wanda ya ji cewa Bandar ya amsa laifi, to abin da ya faɗa ke nan na rubuta, ba ƙari ba ragi, kuma ni da aka faɗa wa ban san ma'anarsa ba. Kada wanda ya kira shi, kada wanda ya je wurin mahaifiyarsa a Mansur, kada wanda ya kai magana gaban hukuma da sunana. Ƙanena da ya yi mini waya daga Kano cikin fushi, na gode da kishinka, amma ka saurara. Tambayar tawa ce, kuma ban ba kowa aronta ba.

Ya Allah, ga bawanka Zuhairu ya zo gare ka daga garin da ka haramta, an sallace shi a gaban ɗakinka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya faɗuwarsa ta zama kaffara da ɗaukaka. Ya kasance mai kiyaye sunayen bayinka waɗanda mutane suka manta. Kada ka bar shi cikin waɗanda aka manta. Ka jiƙan mai rawanin nan da bai gano sunansa ba, kai ka san shi. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, ka tsare Ruƙayya, ka zama gatanta bayan yayanta. Ka dubi Bandar da abin da ka sani game da shi: idan nauyin banza yake ɗauke da shi ka sauke masa, idan kuma akwai haƙƙi ka ba shi ƙarfin faɗa. Ni kuma ka tsare ni daga zaluntar rayayye saboda mamaci, ka tsare ni daga tauye mamaci saboda tsoro. Amin.

Ruƙayya ta wanko mini hotunan biyu. A ƙasan na farko na rubuta yadda shi yake rubutawa: wurin, da nahiyar, da irin dutsen, sannan Zuhairu ɗan Habibu, don ma'auni. Ƙasan na biyu babu komai, domin ban san abin da zan rubuta ba. Wannan takarda da Hausa na rubuta ta, Bandar kuwa ba ya karanta Hausa. Ban tambaye shi da Larabci ba tukuna. Zai zo ranar Juma'a.